Faifai Mai Waƙa Ɗaya

A 1949 kamfanin RCA Victor na Amurka ya fito da ƙaramin faifan garmaho mai juyawa sau 45 a minti, waƙa ɗaya a kowace fuska. Da irinsa mawaƙan Turai suka riƙa gwada kasuwa. A 1987 Whitesnake, 'yan Ingila masu kiɗa kamar aradu, suka sassauta murya suka saki "Is This Love" a irin wannan faifai, har ta kai ta biyu a jerin waƙoƙin Amurka.

Mu a Zauro faifan bai zauna ba. Zafin bazara kan lanƙwasa shi, allura kuma sai an shiga birni. Kaset ɗin da Philips ya ƙirƙiro a 1963 shi ya ci kasuwa, don batir ya ishe shi, kuma yana ɗauke doguwar waƙar Sani Aliyu Ɗandawo ba yankewa. Ai minti biyar na faifai ko kirarin sarki bai isa makaɗin fada ya gama ba. Kawuna kan tafi da rikodarsa fadama lokacin yankan shinkafa.

Waƙar Turawan kuwa, a shagon mai kwafar kaset a Birnin Kebbi na ji ta, an cike gurbi da ita bayan waƙoƙin Indiya.