Daga Fijo Zuwa 'Yar Kwatano: Tarihin Motar Gida da Yunƙurin Ceto Ta

Duk wanda ya yi wayo a Rano ko Kibiya a farkon shekarun 1980 zai iya lissafo motocin da ke cika tasha a wancan zamani. Akwai Fijo 504 doguwa mai layin kujeru uku, wadda ke jigilar fasinja zuwa birnin Kano ta Bunkure da Ƙarfi. Akwai a-kori-kura da ake jibga mata buhunan dawa da gyaɗa har bayanta ya kusa taɓa ƙasa, yaron mota na maƙale a kan kaya. Akwai kuma manyan motocin Marsandi masu bodin katako da ke cin kasuwannin ƙauye. Galibin waɗannan motoci a cikin ƙasar nan aka haɗa su, kuma ba wanda ya tsaya yi wa direban Rano wa'azin kishin ƙasa kafin ya saye su. Yau idan ka je tashar, Golf da Sharon da Hayis za ka tarar, kusan dukkansu sun ci zamaninsu a Turai kafin su iso mana. Tsakanin wancan lokaci da wannan akwai tarihi mai tsawo na masana'antun da gwamnati ta kafa, ta sayar, ta kuma dawo tana neman ceto su.

Yadda aka soma

Bayan yaƙin basasa, kuɗin man fetur ya fara shigowa, gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta ƙudiri aniyar a riƙa haɗa motoci a gida maimakon a shigo da su a kammale. Tsarin shi ne gwamnati ta haɗa jari da manyan kamfanonin Turai, su kawo fasaha da sassan mota, Nijeriya ta ba da fili da ma'aikata da kasuwa. A cikin shekaru goma aka samu masana'antu shida. Biyu na ƙananan motoci ne: Peugeot a Kaduna da Volkswagen a Legas. Huɗu na manyan motoci ne: Leyland a Ibadan, ANAMMCO mai haɗa Marsandi a Inugu, Steyr a Bauchi, sai NTM a Kano, wadda aka kafa tare da kamfanin Fiat na Italiya.

Uku daga cikin shidan a Arewa suke. An yi rajistar kamfanin Peugeot na Nijeriya, wato PAN, a watan Disamban 1972, masana'antarsa da ke Kakuri ta fara aiki a 1975. Ita kuwa NTM a kan titin Zariya take, hanyar da mutumin Rano ke bi idan zai shiga birni. Tana haɗa manyan motoci da taraktocin noma, abin da ya zo daidai da bukatar kudancin Kano. A 1974 ne aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a zamanin Gwamna Audu Bako, noman rani ya buɗe a Kadawa da Kura da Bunkure. Sabuwar gona tana son tarakta, tumatir da alkama da shinkafar da aka noma kuma suna son motar da za ta kai su kasuwa.

Abubuwa uku ne suka ɗaga Fijo. Na farko, ƙarin albashin Udoji da aka biya a 1975 tare da bashin mota da ake ba ma'aikata, ya sa malamin makaranta da jami'in gona suka iya sayen sabuwar mota. Na biyu, bayan kisan Janar Murtala Muhammed a ranar 13 ga Fabrairun 1976, gwamnatin Obasanjo ta ɗauki manufar rage ƙawa, ta mai da 504 motar hukuma, tun daga shugaban ƙasa har manyan sakatarori. Na uku shi ne motar da kanta. Tana da tsayi daga ƙasa, tana jure hanyar burji da kwazazzabon damina, kuma bakanike a gindin bishiya zai iya sauke injinta ya mayar da 'yan sifanoni kaɗan. A farkon shekarun 1980, motocin da ke fitowa daga Kakuri sun kusa dubu 60 a shekara, ma'aikata kuma dubbai ne.

Raunin da ke ƙarƙashi

Sai dai akwai wani abu da ya nuna raunin ginin tun ranar farko. A 1975 jiragen ruwa ɗaruruwa ɗauke da siminti suka toshe tashar Apapa, kaya ba sa fita sai bayan watanni. Don kada aiki ya tsaya a Kaduna, sai aka koma ɗauko sassan Fijo ta jirgin sama daga birnin Liyon na Faransa zuwa filin jirgin saman Kano. Daga nan a loda akwatunan a tireloli, su bi ta Kura da Kwanar Dangora da Zariya har Kakuri. Shekaru aka yi ana haka. Ma'anarsa ita ce injin da giyabos da farantin ƙarfen jikin motar duk daga waje suke zuwa, kuma da kuɗin waje ake biya.

An yi alkawarin cewa sannu a hankali za a riƙa ƙera sassan a gida. An ɗan taɓa: Michelin na yin taya a Fatakwal, Dunlop a Ikeja, ana yin batir da kujeru da fenti. Amma ƙarfe, wanda shi ne ƙashin bayan mota, an jingina shi ne da masana'antar Ajaokuta da aka ba Tarayyar Sobiyet kwangilarta a 1979, kuma har yau ba ta fitar da farantin da za a buga ƙofar mota da shi ba. Masana'antun sun zama tamkar telan da ke ɗinki da yadin da wani ya yanka masa a wata ƙasa: ranar da yadin bai zo ba, keke ya tsaya.

Ranar kuwa ta zo. Farashin mai ya faɗi, a watan Afrilun 1982 gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta kafa dokar tsuke bakin aljihu, shigo da kaya ya koma sai da lasisi. A 1986 Janar Babangida ya kawo shirin SAP, aka saki naira a kasuwa. Dalar da a 1980 ba ta kai kobo 60 ba ta haura naira 3 a ƙarshen 1986, ta kai kusan naira 22 a farashin hukuma a 1993. Kuɗin sassa ya ninka sau da yawa, albashi bai bi shi ba, bashin mota ya ɓace. Ma'aikacin da ya sayi sabuwar Fijo a 1980 ya wayi gari sabuwar taya ma tana neman gagararsa.

Wannan giɓin ne tsofaffin motocin Turai suka cike. A loda su a tashoshin ruwan Baljiyam da Jamus, a sauke a Kwatano, wasu su shigo ta Seme, wasu su zagayo ta Gaya da Maraɗi a ƙasar Nijar su faɗo ta iyakar Katsina. Kasuwar kayan gyara ta Ƙofar Ruwa ta juya ta bi su, makanikai suka koyi sabbin injina. Direban Rano bai ƙi motar gida ba. Ya duba abin da ke aljihunsa ne ya sayi wadda zai iya biya.

Sayarwa, sannan ceto

A 1993 an fitar da manufar ƙasa kan motoci, aka kafa majalisar kula da harkar, amma masana'antun suka ci gaba da ramewa. Da Obasanjo ya dawo a farar hula, gwamnati ta yanke shawarar zare hannunta. Aka sayar da hannun jarinta a NTM, wadda daga baya ta koma haɗa manyan motocin Sinotruk na ƙasar Sin. A 2006 kamfanin ASD Motors na Alhaji Sani Dauda ya sayi kaso mafi tsoka na PAN. A daidai wannan tsakanin aka daina haɗa 504, bayan ta shafe fiye da shekara ashirin da daina fitowa a Faransa. Michelin ta rufe a 2007, Dunlop ta bi bayanta, ma'aikatun gwamnati kuma suka karkata ga motocin Japan da Koriya.

Ba a jima ba bashin bankuna ya danne PAN. Bayan rikicin bankuna na 2009, gwamnati ta kafa hukumar AMCON a 2010 don ta saye munanan basussuka, kuma a 2012 hukumar ta karɓe PAN, ta mai da bashin hannun jari, ta mallaki kusan kashi 80 cikin ɗari. Wannan babban ceto ne. Ya hana a kulle ƙofa a yi gwanjon injina, kuma a 2014 an sake fara haɗa Fijo samfurin 301. Amma ainihin waɗanda aka tsamo daga ruwa su ne bankunan da suka ba da bashin. Mai saye bai samu sauƙin farashi ba, mai ƙera sassa bai samu jari ba. A 2020 AMCON ta sayar da kamfanin ga Nesbitt Investment, wanda ya juya ga motocin ƙasar Sin. Ita kuma Fijo ta koma sabuwar masana'antar da Alhaji Aliko Dangote ya kafa tare da kamfanin Faransan da gwamnatin Kaduna a kan hanyar Abuja, ta fara aiki a 2022.

Ceton kamfanin mota ba abin kunya ba ne a duniya. Birtaniya ta karɓe British Leyland a 1975. Amurka ta zuba wa General Motors da Chrysler da rassan bashinsu kusan dala biliyan 80 a 2008 da 2009. Ita kanta Peugeot, a 2014 gwamnatin Faransa da kamfanin Dongfeng na Sin kowannensu ya saka yuro miliyan 800 don ta miƙe. Bambancin shi ne, a Amurka an ba da kuɗin da sharuɗɗa masu tsauri: shugaban General Motors ya sauka, an rufe masana'antun da ba sa riba, kuma a bayan kamfanonin akwai dubban masu ƙera sassa da miliyoyin masu saye da banki ke ba bashi. Na Birtaniya kuwa an yi ta zuba kuɗi ba tare da gyara tushen ba, daga ƙarshe kamfanin ya wargaje. Namu ya fi kama da na Birtaniya.

Muhawarar sayen na gida

A watan Oktoban 2013 gwamnatin Goodluck Jonathan ta fito da sabon shirin raya masana'antar motoci. Aka ɗora wa ƙaramar motar da aka shigo da ita a kammale harajin da ya kai kashi 70 cikin ɗari, aka sauƙaƙa wa mai shigo da sassa don haɗawa. Daga 1 ga Janairun 2017 gwamnatin Buhari ta hana shigo da mota ta iyakokin ƙasa, a watan Mayun shekarar kuma Osinbajo, yana muƙaddashin shugaba, ya sa hannu a umarnin da ya wajabta wa ma'aikatu fifita kayan gida. Sai dai a 2019 shugaban ƙasa ya ƙi sa hannu a ƙudirin da zai mai da shirin doka, dokar kuɗi ta 2020 kuma ta zaftare ƙarin harajin da aka ɗora a kan kuɗin kwastan zuwa kashi 5. Mai jari ba zai gina masana'antar shekara talatin a kan manufar da ke sauyawa kowace shekara biyar ba.

Masu goyon bayan kariya suna cewa ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200 ba za ta dawwama tana sayen abin da wasu suka gama mora ba. Suna nuni da Innoson da ke haɗa motoci a Nnewi tun 2010, da Maroko wadda ta jawo Renault zuwa Tanja a 2012 da Peugeot zuwa Kenitra a 2019, yanzu tana sayar wa Turai motoci. Masu adawa suna cewa haraji mai nauyi a kan talaka yake sauka, domin duk abin da ya ƙaru a kan kuɗin Sharon, fasinjan Kibiya ne zai biya, duk abin da ya ƙaru a kan tirela kuma zai fito a kwandon tumatir na Kwanar Gafan. Suna ƙarawa da cewa wasu masu lasisin haɗawa taya da madubi kawai suke ɗaurawa don su more rangwame.

Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, amma abin da ya fi karya gwiwar jama'a shi ne halin masu kiran a sayi na gida. A 2023, lokacin da aka cire tallafin mai kuɗin mota ya ninka, Majalisar Tarayya ta saya wa 'ya'yanta manyan motoci na waje, kowace ɗaya a kan fiye da naira miliyan 100. A watan Mayun 2025 gwamnatin Tinubu ta sake shelar manufar fifita kayan Nijeriya a sayayyar hukuma. An sha jin irin wannan shela, abin da ake jira shi ne a gan ta a garejin ma'aikatu.

Tarihin nan ya nuna cewa motar gida ta yi kasuwa ne lokacin da abubuwa uku suka haɗu: hukuma na hawanta, ma'aikaci da direba na samun bashin sayenta, ita kuma ta dace da hanyarmu. Abin da ya kayar da ita shi ne dogaro da sassan waje. Saboda haka kira na farko ga gwamnatin Kano da ƙananan hukumominta ne, ciki har da Rano da Kibiya: motar asibiti da bas ɗin makaranta da tarakta da tifar aikin hanya, a fara neman waɗanda aka haɗa a gida. Na biyu, a samar wa direbobin haya bashi mai sauƙi ta hannun ƙungiyoyinsu, su riƙa biya daga abin da suke samu a kullum. Na uku, duk kamfanin da za a sake tallafawa da dukiyar jama'a, a gindaya masa adadin sassan da zai saya a hannun maƙeran ƙasar nan da wa'adin cikawa. Wakilanmu a Kano da Abuja su ne ke amincewa da kasafin sayen motocin hukuma, don haka a gare su ya kamata mu fara kai wannan bukata.