Man Tsirrai da Tsutsar Sauro a Jalingo: Wane Ruwa Ake Nufi?

Tun da dabara ta kai Bahaushe ga raɗa wa wata ciyawa suna sarakuwar sauro, ba sabon labari ba ne cewa sauro yana ƙyamar wasu tsirrai. Abin da masu bincike suka ƙara shi ne tatso mai ƙamshi daga ɗoɗɗoya, kanumfari ko ɓawon lemo ta hanyar turara su, sannan a ɗiga shi a ruwan da tsutsar sauro take. Bisa ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2005, ana zuba tsutsa 25 a kofi, a ƙirga matattu bayan awa 24. A cikin kofi kam man yana kisa, domin sinadarai irin su yujinol na kanumfari suna dagula jijiyoyin tsutsar. Hujjar masu goyon bayansa tana da nauyi: sauron Nijeriya ya fara jure wa fairitiroyid ɗin da ake jiƙa gidan sauro da shi, alhali man tsiro gaurayen sinadarai ne da yawa, wanda suke ganin zai yi wa sauro wuyar jurewa.

Sai dai kofi daban, Jalingo a watan Agusta daban. Wanda ya durƙusa bakin kwata a Sabon Gari zai ga tsutsa tana reto kai ƙasa. Wannan ta Culex ce, mai hana barci da kuka amma ba ta ɗauke da maleriya. Tsutsar Anopheles gambiae, sauron maleriya, tana kwanciya ne miƙe a saman ruwa, kuma ta fi son ɗan ruwan da rana ke duka: sawun kofaton shanu, ramin masu buga bulo, tabkunan da kogunan Lamurde da Mayo Gwoi ke bari idan sun janye. Wa zai bi waɗannan ɗaya bayan ɗaya da kwalba, ga shi man yana tashi cikin 'yan kwanaki, ruwan sama na gaba kuma ya wanke saura? Ga tsada kuma: kilo 100 na ɗanyen ganye da ƙyar yake ba da lita 1.

A 2013 hukumar ta ce kashe tsutsa ya fi amfani inda matattarar ruwa ba ta da yawa, ba ta ƙaura, kuma ana iya gano ta. A Jalingo wannan siffar rani ce. Don haka a ganina gwajin da ya kamaci ɗaliban Jami'ar Jihar Taraba shi ne na Janairu zuwa Maris, a kududdufan gaɓar kogi da ramukan lambu, tare da duba abin da man yake yi wa talibambam da kifi, wanda da ma yake cinye tsutsar kyauta.