Daga Kuge zuwa Wayar Iska: Isar da Saƙo a Yaƙin Bama da Rabon Gaya da Ajingi a Tunawa da Shi

Tsakure

Wannan maƙala ta bi sawun hanyar da saƙo yake bi daga fagen fama a Bama har ya iso ƙauyukan gabashin Kano, ta kuma kafa hujja cewa ƙarfin wannan silsila ya rataya a wuyan talakawan da tarihi bai ambaci sunayensu ba.

Bayani

Tun kafin Nasara su ci Kano a 1903, mutanen ƙasar Gaya, wadda tarihin baka ya ce daga cikinta maƙeran Abagayawa suka tashi suka zauna a gindin Dala, suna da nasu ilmin sanarwa, domin kuge da tambari da manzo a kan doki sun ishi sarki ya tara mayaƙa kafin rana ta faɗi. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a 1939, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, sai Turawa suka ɗora wayar tangaraho bisa wannan tsohon tsari, ta yadda umarnin ɗibar soja yakan sauka a fada, daga nan ya wuce wurin hakimi, hakimi ya aika wa dagaci, har mai unguwa ya tsaya a ƙofar gidan saurayi. A shekarar ce kuma aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Malam Abubakar Imam yana editanta, mai ilmin boko ɗaya yakan karanta wa jama'a da yawa a dandali.

Amma inda al'amarin ya fi cancantar tsokaci shi ne kwarin Kaladan na ƙasar Bama, inda Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, wadda aka kafa a 1943 tare da 'yar'uwarta ta 82, ta kutsa cikin dajin da mota ba ta ratsa shi, abincinta da harsashinta kuwa sai dai jirgin sama ya jefo mata. Jirgi ba ya zuwa sai an kira shi da wayar iska, wayar kuwa da baturanta da injin cajinta a kan 'yan dako suke hawa tsaunuka, gammo ya jiƙe da gumi, ƙafa tana zamewa cikin taɓo, Japanawa suna kwanton ɓauna. Lalle duk wanda ya riwaito nasarar Myohaung ta Janairun 1945 ya tsallake waɗannan bayin Allah, isnadinsa ya yanke.

A yau ana bikin tunawa da 'yan mazan jiya ran 15 ga Janairu, maimakon 11 ga Nuwamba da aka gada daga Ingila, akwai kuma Barikin Chindit a Zariya da ke riƙe da sunan wata runduna ta Yaƙin Bama, sai dai faretin ba ya wuce manyan birane, alhali daga karkara aka ɗebi mafi yawan mutanen. Don haka muna roƙon Majalisar Masarautar Gaya da dagatan Ajingi, tare da malaman tarihi na Jami'ar Bayero, su bi gida-gida su tattara lambobin Tauraron Bama da takardun sallama da wasiƙun da suka rage cikin adakar tsofaffi, su kuma rubuta abin da 'ya'ya suka ji daga bakin iyayensu, tun gara ba ta cinye takardun ba.