Tarihin Gano Siffar Ƙwayar Cutar Shan Inna

Ƙwayar cutar shan inna tana cikin mafiya ƙanƙanta da masana suka iya ganin siffarsu dalla-dalla. Faɗinta kusan nanomita 30 ne, sai an jera fiye da dubu 30 kafin su cika milimita ɗaya. Ta baki take shiga, ta hayayyafa a hanji, a wasu yaran ta kai ga laka ta shanye ƙafa ko hannu. Iri uku ce.

A 1908 Karl Landsteiner da Erwin Popper suka tabbatar a Ostiriya cewa ƙwayar bairos ce ke haddasa ciwon, amma ba wanda ya gan ta. A 1955 Frederick Schaffer da Carlton Schwerdt na Jami'ar Kalifoniya suka tace ta har ta dunƙule kamar ƙwayar gishiri. Hakan ya ba da damar haska ta da irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, a lissafa zaman sassanta daga yadda hasken ya warwatsu. Rosalind Franklin ta ɗauki aikin a Landan, ajali ya riske ta a 1958. Sai a 1985 James Hogle da Marie Chow da David Filman suka fitar da cikakkiyar siffar: ƙwanso mai fuska 20, wanda furotin iri huɗu suka gina, kowanne sau 60, da zaren gado a naɗe a ciki. Daga baya aka inganta dabarar daskarar da ƙwayar a matsanancin sanyi a ɗauke ta hoto da na'urar hange mai aiki da ilektaron, dabarar da ta ci kyautar Nobel a 2017.

Amfanin wannan ilimi ya zo har ƙofar gida. Idan ƙafar yaro ta saki farat ɗaya a Gaya ko Ajingi, jami'in sa ido kan ɗauki bayan gidansa sau biyu, da tazarar kwana guda, ya sa a akwatin ƙanƙara a kai ɗakin gwaji na Ibadan ko Maiduguri. In an samu ƙwayar, sai a karanta umarnin gadon da ke gina furotin VP1 na jikin ƙwanson. Da yake tana sauyawa sannu a hankali, wannan karatu kan nuna danginta da hanyar da ta biyo. Da shi aka gane cewa bayan dakatar da rigakafi a Kano daga 2003 zuwa 2004, ƙwayar da ta tashi daga arewacin Najeriya ta kai Sudan da Yaman har Indunusiya.

Da shi kuma aka gano wani abu mai ɗaci. Ɗigon da ake sa wa yara a baki ƙwaya ce mai rai da aka raunana, kuma inda yara da yawa ba su samu ɗigon ba, takan yi ta yawo tsakaninsu har ta dawo da ƙarfinta. Irin wannan rikiɗaɗɗen nau'i na biyu ya ɓulla a Arewa tun 2005. Laifin na giɓin rigakafi ne, domin unguwar da aka bi gida-gida, aka sa alli a bango da tawada a ƙaramin yatsan kowane yaro, ba ta ba ƙwayar wurin yawo.

Yaro na ƙarshe da asalin ƙwayar ta shanye a jihar Kano an same shi a Sumaila cikin Yulin 2014, kuma ranar 25 ga Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ita. A Maris 2021 Najeriya ta fara amfani da sabon ɗigon nOPV2, wanda aka gyara zaren gadonsa don rikiɗa ta yi masa wuya.