Wa Ya Sayi Muryar Yaran Italiya?

Kusan shekara ɗari uku, daga tsakiyar ƙarni na 16 zuwa ƙarshen na 19, ana yi wa yara maza dandaƙa a Italiya tun kafin su balaga, don kada muryarsu ta yi kauri. Maƙogwaron yaron yakan tsaya yadda yake, ƙirjinsa kuwa ya ci gaba da girma, sai a sami siririyar murya mai ƙarfin numfashin ƙato. Yawancin masu ba da labarin wannan al'ada sukan ɗora laifin kacokan a kan Cocin Katolika, kuma ba su rasa hujja ba. An hana mata rera waƙa a coci, ga shi waƙoƙin suna bukatar murya mai tashi sama, har a 1589 Fafaroma Sixtus na Biyar ya sake tsara ƙungiyar mawaƙan cocin St. Peter da ke Rum, aka ba dandaƙaƙƙu gurbi a cikinta. Dokar coci ta haramta aikin, amma cocin na ɗaukar waɗanda aka yi wa, shi ya sa iyaye kan ƙirƙiro labarin faɗuwa daga kan doki ko cizon alade.

Sai dai coci ƙofa kawai ta buɗe. Abin da ya mai da al'adar kasuwa shi ne opera, wasan kwaikwayon da ake rerawa da waƙa, da kuɗin da ke cikinsa. Da hana mata ne kaɗai dalili, da ba a nemi waɗannan mawaƙa a garuruwan da mata ke hawa dandali ba. Ga Landan, babban birnin ƙasar da ba ta bin Fafaroma: a 1724 dandaƙaƙƙen mawaƙi Senesino ya fito a matsayin Kaisar a wasan Giulio Cesare na Handel, Francesca Cuzzoni tana gefensa a matsayin Kiliyofatira. Mace tana nan, amma masu sayen tikiti muryar dandaƙaƙƙe suke so a bakin jarumi, kuma sun biya ta da tsada.

Wani zai ce ai hanyar arziki ce ga ɗan talaka, ya kawo misalin Farinelli, wanda ya tafi Sifaniya a 1737 yana rera wa Sarki Philip na Biyar waƙa da dare, ya zama mai faɗa a ji a fada. Gaskiya ne, amma Farinelli nawa aka yi? Wuƙa ba ta ba da baiwa. Yaran da suka sha horon shekaru a makarantun kiɗa na Naples galibinsu a ƙananan coci-coci suka ƙare, ba suna, ba zuriya, coci kuma ba ta ɗaura musu aure. Caca ce manya suka yi da jikin yaron da bai kai ya ce e ko a'a ba.

Yadda al'adar ta mutu ma shaida ce. Da masu kallo suka koma son jarumi mai muryar namiji, sai opera ta daina nemansu. Babban matsayi na ƙarshe da aka ba dandaƙaƙƙe a opera shi ne wanda Meyerbeer ya rubuta wa Velluti a 1824. Coci ce ta yi jinkiri, har sai da Fafaroma Pius na Goma ya rufe ƙofar a 1903. Alessandro Moreschi, dandaƙaƙƙen mawaƙin cocin Sistine, an ɗauki muryarsa a faifai a 1902 da 1904, ya rasu a 1922.