Dakaren Sarauniya da Ramukan Darar Daura

Tarihin baka na Daura ya ce Bayajidda daga Bagadaza ya taso, ya yada zango a Borno, sannan ya iso rijiyar Kusugu a zamanin Magajiya Daurama. Shaɗaranji, wanda ake kira darar Turawa, shi ma yana da sawu a Bagadaza da Borno. A ƙarni na 10 gwanayen Bagadaza irin su As-Suli sun rubuta yadda ake jera dakaru a farkon wasa, kuma a 1934 C. K. Meek ya ba da labarin ana buga shi a Borno da sunan tsatsarandi.

A tsohon wasan babu sarauniya. Waziri ne a gefen sarki, gida ɗaya tak yake takawa a karkace. Sai wajen 1475 a Sifaniya aka mai da shi sarauniya mai ratsa allo ta ko'ina, dakaren da ke gabanta ya samu daraja. Mai farare ya tura shi gida biyu, ya miƙa na gefensa a ci. Mai baƙaƙe ko ya ci, ko ya ƙi ya tsare tsakiya. A gasar duniya ta 1927 a Buenos Aires, Capablanca da Alekhine sun buga wasa 34, kuma 32 da wannan ƙin aka buɗe su. Kariyar da ake fara fito da doki kuwa, sunan Indiya take ɗauke da shi, albarkacin Moheschunder Bannerjee, wanda ya yi ta karawa da John Cochrane a Kalkata a shekarun 1850.

Mai dara a ƙasar Daura ba baƙon wannan tunani na buɗe wasa ba ne. Ramuka 30 a ƙasa, kowa da 'ya'ya 12, wannan da tsakuwa, wancan da tsinke. Kafin a fara ci sai an dasa su ɗaya bayan ɗaya, ba a yarda a jera uku lokacin dasawa ba. Nan gwani yake kashe wasa. Za ka ga dattijo riƙe da tsinke a saman rami, ya daɗe bai ajiye ba, 'yan kallo na ta gyaran murya.

Abin da ke damuna shi ne Bannerjee ya samu Cochrane ya rubuta wasanninsa, har yau ana nazarinsu. Gwanin dara kuwa, da an tashi sallar magariba ake share ramukan da ƙafa, salon dasawarsa ya tsaya ga waɗanda suka zauna kusa da shi.