Tarihin Sarrafa Numfashi a Wasan Golf

Wasan golf, wanda wasu ke kira ƙwallon lambu, ya samu siffarsa ta yau ne a gabashin Sikotlan, inda tun a shekarar 1457 majalisar dokokin ƙasar, a zamanin Sarki James na Biyu, ta haramta shi saboda yana ɗauke wa samari hankali daga koyon harbin baka. An rubuta dokokinsa na farko a Leith a 1744, aka tsayar da zagayen filin St Andrews a kan ramuka 18 a 1764, sannan aka fara gasar Open a Prestwick a 1860. Tsarin da aka gada daga waɗancan ƙarnoni ya zo da wata matsala ta musamman, domin ɗan wasa yakan shafe kimanin awa huɗu a fili alhali kowane bugu bai kai daƙiƙa biyu ba, ƙwallon kuma tana ajiye a ƙasa babu mai neman ƙwace ta. Mafi yawan lokacin wasan ke nan tafiya ce da jira da tunani, kuma a cikin wannan sararin ne fargaba take samun wurin zama.

Mutanen farko sun ɗauki natsuwa a matsayin hali da ake haihuwar mutum da shi, wanda ya rasa ta kuma ana ganin raunin zuciya ne ya kayar da shi, ko da yake tarihin gwanayen wasan da kansu bai goyi bayan wannan fahimta ba. Harry Vardon, wanda ya lashe gasar Open sau shida, ya yi fama da rawar hannu a bugun kusa da rami bayan tarin fuka ya kwantar da shi a 1903. Bobby Jones na Amurka, yana ɗan shekara 19, ya fusata ya janye daga gasar Open ta 1921 a St Andrews ana tsakiyar zagaye na uku, kuma ko bayan da ya danne zuciyarsa har ya haɗa manyan kofuna huɗu na zamaninsa a 1930, sai ya yi ritaya yana da shekara 28, nauyin gasa na cikin abubuwan da suka gajiyar da shi. Tommy Armour ne ya yaɗa sunan yips ga wannan cuta ta fizgar hannu da ke kama ɗan wasa a lokacin da zai gangara ƙwallo cikin ramin da faɗinsa bai kai santimita 11 ba. Maganin da aka sani a wancan lokaci duk na waje ne: a sake sanda, a sauya riƙo, a canza tsayuwa, kamar yadda Sam Snead ya koma buga ƙwallo tana tsakanin ƙafafunsa yana fuskantar rami, har hukumomin wasan suka hana wannan salo daga 1968.

Ilimin da ya sauya wannan tunani a ɗakunan binciken likitoci ya taso. A 1915 Walter Cannon na Jami'ar Harvard ya bayyana yadda jiki yake shirin faɗa ko gudu idan ya hangi haɗari, inda sinadarin adirenalin ke ƙaruwa, zuciya ta yi sauri, tsokoki su ɗaure, numfashi ya gajarta ya tsaya a ƙirji. A 1929 Edmund Jacobson ya wallafa hanyarsa ta ɗaure tsokoki da sakinsu ɗaya bayan ɗaya domin mutum ya gane bambancin ɗauri da saki, a 1932 kuma likitan Jamus Johannes Schultz ya fito da tasa hanyar ta kwantar da jiki ta maimaita wasu kalmomi a zuci. Herbert Benson ya zo a 1975 ya nuna cewa jiki yana da martanin hutawa da ke kishiyantar na faɗa ko gudu, kuma ana iya tayar da shi da gangan. Waɗannan masana sun tarar da al'adun da suka riga su da ƙarnoni masu yawa, irin su pranayama, wato horon numfashi na masu yoga a Indiya, da harbin baka na gargajiya a Japan, inda ake daidaita jan tsirkiya da shiga da fitar iska.

Dalilin da ya sa numfashi ya zama ƙofar shiga shi ne cewa bugun zuciya da gumi da narkar da abinci duk suna gudana ba da izinin mutum ba, amma numfashi yana tafiya da kansa kuma yana karɓar umarni. Zuciya takan ɗan ƙara sauri yayin shaƙar iska, ta kuma ragu yayin fitar da ita, ta hanyar wata doguwar jijiya da likitoci ke kira vagus, wadda ta taso daga ƙwaƙwalwa ta ratsa wuya zuwa ƙirji da ciki, aikinta ga zuciya kuwa kamar na linzami ne a bakin doki. Idan ɗan wasa ya shaƙi iska da tantanin da ya raba ƙirji da ciki har cikinsa ya taso, sannan ya tsawaita fitarwa fiye da shaƙa, bugun zuciyarsa yakan lafa, kafaɗunsa su sauka, riƙon sandar kuma ya sassauta, wanda shi ne abin da bugun kusa da rami ya fi bukata.

Shigar wannan ilimi cikin golf ta kankama ne daga shekarun 1970, lokacin da marubuta irin su Michael Murphy da Timothy Gallwey suka jawo hankalin 'yan wasa ga abin da ke gudana a zuciyarsu, sannan masana halayyar ɗan Adam irin su Bob Rotella suka zama masu ba manyan 'yan wasa shawara a fili. A hannunsu ne aka daidaita abin da ake kira tsarin kafin bugu, wato jerin ayyukan da ɗan wasa ke maimaitawa iri ɗaya kowane lokaci: ya tsaya bayan ƙwallo, ya zaɓi inda zai nufa, ya ja dogon numfashi ya sake shi, sannan ya matsa ya buga. Tiger Woods, wanda mahaifiyarsa 'yar Tailan mabiyar addinin Buddha ta koya masa zaman natsuwa tun yana yaro, ya lashe gasar Masters ta 1997 da tazarar bugu 12 yana da shekara 21, nasarar da ta sa matasa da yawa suka fara ɗaukar horon zuciya da muhimmanci kamar horon hannu.

Ƙarni na 21 ya ƙara wa al'amarin nauyi ta fuskoki biyu. Ta farko, an haramta wa 'yan golf magungunan rage bugun zuciya a lokacin gasa, kuma hukumar PGA Tour ta fara gwajin ƙwayoyi a 2008, don haka hanyar da ta rage ta halal ita ce wadda jiki ke da ita tun asali. Ta biyu, na'urorin auna bugun zuciya sun ba da damar ganin tasirin numfashi a kan allo, binciken masana kuma ya nuna cewa numfashi kusan shida a minti ɗaya ne yake fi daidaita zuciya ga yawancin mutane. Phil Mickelson, da ya lashe gasar PGA a Kiawah Island a 2021 yana da shekara 50, ya zama mafi tsufan wanda ya taɓa cin ɗaya daga manyan gasanni huɗu na wasan, kuma ya danganta dawowar ƙarfin hankalinsa ga zaman natsuwa da yake yi, 'yan kallo ma sun ga yadda yake tsayawa ya ja numfashi kafin bugu.

Wannan hanya tana da iyaka, domin binciken likitoci ya nuna cewa wani kaso na masu fizgar hannu matsalarsu ta jijiya ce wadda natsuwa kaɗai ba ta kawar da ita, kuma babu numfashin da zai maye gurbin shekarun koyon bugu. Duk da haka sauyin da aka samu babba ne, saboda fargabar da a zamanin Vardon ake ɓoyewa a matsayin abin kunya ta koma yanayin jiki da ake aunawa, ake horar da shi, ake kuma koya wa yara yadda za su sarrafa shi tare da yadda za su riƙe sanda.